Wayar Matafiyi: A Gida Ake Shirya Ta, Ba a Filin Jirgi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa suke ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana jefa matafiyanmu, musamman dattawa masu zuwa aikin Hajji da Umara, cikin wahalar da za a iya kauce mata. Al'amarin shi ne wayar hannu da layin da mutum zai yi amfani da su idan ya ƙetare iyakar ƙasarsa. Kowace shekara ana tara maniyyata a wajen bita, a koya musu ɗaura harami da ɗawafi da sa'ayi da jifa, a gaya musu nauyin jakar da aka yarda su ɗauka da abubuwan da aka hana shiga da su jirgi, amma a duk zaman bitar da na halarta ban ji an tsaya an yi bayani a kan wayar da za ta haɗa su da iyalansu da jami'ansu ba, kamar dai kowa da saninta aka haife shi.

A shekarar 2023 Allah Ya nufe ni da raka gwaggona aikin Hajji. Ana gobe za mu shiga sansanin alhazai, sai ga saƙo daga ɗanta da ke zaune a Amurka: sabuwar waya fil a kwalinta, ya aiko ta hannun wani abokinsa don mahaifiyarsa ta riƙa ganin fuskarsa idan sun yi magana. Cikin murna ta cire layinta daga tsohuwar wayar da ta shekara huɗu tana riƙe da ita, ta naɗe shi a 'yar takarda ta cusa a lalitarta, ta miƙa wa jikarta tsohuwar, sabuwar kuma ta shiga jakar hannu ba tare da kowa ya gwada ta ba. Ni kaina ina tsaye aka yi haka, ban ga wani aibi a ciki ba. Washegarin saukarmu Madina muka bi layi a wani shago kusa da Harami, aka duba fasfo ɗinta, aka ɗauki zanen yatsanta, aka ba ta layi. Da aka sa shi a wayar, sai ta ƙi karɓa, ta nemi a shigar da wasu lambobi. Mai shagon ya juya ta gaba da baya, ya gwada wani layin, sannan ya girgiza kai ya ce da Larabci a kulle take. Haka muka zare kuɗi daga guzurinta muka sayi ƙaramar waya mai madannai. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne dukkan lambobin 'ya'yanta da ƙannenta suna cikin tsohuwar wayar da ke Kano, ba a kan layin aka adana su ba, kuma lamba ɗaya tak ta haddace. Daren nan ba ta iya cin abinci ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, da na sani da tsohuwata na taho."

Ba a yi wa gwaggona zamba ba, kuma ɗanta bai yi da wata manufa ba face alheri. A Amurka kamfanonin sadarwa sukan sayar da waya da araha tare da layin da ake biyan kuɗinsa kafin a yi amfani, amma su kulle ta yadda ba za ta karɓi layin wani kamfani ba sai an cika sharuɗɗansu. Kanada ta hana sayar da irin wannan waya tun watan Disamba na 2017, Birtaniya ma ta hana daga watan Disamba na 2021, sai dai tsofaffin da aka sayar kafin lokacin suna nan suna yawo a hannun jama'a, kuma da yawa daga cikin wayoyin da ake shigo mana da su na kwance daga irin waɗannan ƙasashe suke fitowa. Gwajin gane ko waya a kulle take kuwa ba shi da wuya ko kaɗan. Tun mutum yana gida, ya ari layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ya sa kowanne a wayar, ya kira, a kira shi. Idan ta karɓi duka biyun, to a buɗe take. Wannan aikin minti biyar ne, kuma da mun yi shi da ba mu shiga abin da muka shiga ba.

Akwai wani sabon salo da ya kamata masu karɓar tsarabar waya daga waje su sani. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, samfurin da ake sayarwa a Amurka ba shi da ramin sa layi gaba ɗaya, sai layin da ake saukewa cikin wayar ta hanyar intanet, wanda ake kira eSIM. Ga matashin da ya iya sarrafa waya, wannan tsari yana da daɗi ƙwarai, domin yana iya sayen data ta ƙasar da zai je tun yana ɗakinsa, ya sauka daga jirgi ya tarar da ita tana aiki. Amma ga tsohuwar da za a miƙa wa ɗan katin layi a bakin shago, wayar da ba ta da inda za a zura shi nauyi ce kawai a jaka, sai in an dace da wanda zai zauna ya mayar mata da layin zuwa wancan tsari. Haka kuma da yawa daga cikin irin waɗannan layuka da ake saye ta intanet data kawai suke bayarwa, ba su zuwa da lambar da jami'in alhazai zai iya bugawa ya same ka.

Sai maganar ƙaramar waya mai madannai, wadda dattawanmu suka fi yarda da ita, kuma suna da gaskiya ta fuskoki da dama, domin batirinta yana kwanaki, ba ta tsoron faɗuwa, kuma ba ta jan idon ɓarawo. Amma yawancin irinta da tsohuwar hanyar sadarwa ta 2G suke aiki, irin wadda aka fara kawo mana Nijeriya a 2001, kuma ƙasashe da dama sun rufe wannan hanya. Singafo ta rufe tata a 2017, Ostireliya ma ta rufe, Japan da Koriya ta Kudu kuwa tun asali ba su bi tsarin GSM irin namu ba, manyan kamfanonin Amurka kuma sun kashe har 3G a 2022. Wanda ya ɗauki 'yar ƙaramar wayarsa zuwa irin waɗannan wurare zai kunna ta ya ga babu sabis ko sanda ɗaya, ya yi ta zargin layin, alhali wayar ce ba ta jin yaren ƙasar. Saboda haka duk wanda zai sayi waya don tafiya ya nemi mai 4G, ko da kuwa ƙarama ce.

A ganina, abin da ya fi dacewa da mafi yawan matafiyanmu shi ne waya mai layi biyu, buɗaɗɗiya, wadda mutum ya riga ya saba da ita. Ba sai mai tsada ba. Irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung da suka cika shagunan Farm Centre da titin Beirut a Kano kusan duk masu layi biyu ne. Hikimar layi biyun ita ce, ɗaya ya riƙe layin gida, ɗayan kuma ya karɓi layin ƙasar da aka sauka. Mutane da yawa suna cire layin gida su bar shi a ƙarƙashin matashi, suna ganin ba shi da amfani a waje, sai sun tashi tura kuɗi ko cire kuɗi su tuna cewa lambar sirrin da banki yake turowa ta wannan layin take zuwa. Na ga wani alhaji a Makka da iyalansa suka kira shi kan rashin lafiyar yaro, kuɗi na cikin asusunsa, manhajar bankin na cikin wayarsa, amma layin da saƙon zai shigo yana Gusau. Kafin a tashi, mutum ya je ofishin kamfanin layinsa ya tabbatar an buɗe masa damar amfani da shi a ƙasar waje, ya tabbatar kuma an haɗa layin da lambarsa ta NIN kamar yadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta wajabta tun watan Disamba na 2020, domin layin da aka toshe ba a gyara shi daga Mina.

To amma barin layin gida a cikin waya yana da tarkonsa, kuma ni ma na taɓa faɗawa. A wata tafiya da na yi kafin Hajjin 2023, na sa kati mai yawa a layina da niyyar ya ishe ni kiran gida na kwana biyu ko uku kafin in sami layin can. Jirgi na sauka na kunna waya, saƙonni suka fara shigowa, hotuna da bidiyo na zaurukan WhatsApp suka yi ta sauka da kansu, kafin mu gama da jami'an shige da fice kuɗin ya ƙare ƙaf ban kira kowa ba. Dalili shi ne data a kan layin gida a ƙasar waje tana da tsada ninkin-ba-ninkin, kuma a mafi yawan tsare-tsare har amsa kira ma cajin mutum ake yi, saƙon tes da ya shigo ne kawai aka saba bari kyauta. Maganin abin shi ne a shiga saitin waya tun kafin a hau jirgi a kashe data a kan layin gida, a bar shi don karɓar saƙo kaɗai, sannan idan an sami layin can a mayar da kira da data kansa. Kada kuma a ji tsoron cewa WhatsApp zai ɓace idan aka sa sabon layi. Yana nan a kan lambar gida muddin mutum bai taɓa wurin sauya lamba ba, kuma barinsa haka ya fi, domin da ita 'yan uwa suka san shi.

Game da sayen layi a Saudiyya, manyan kamfanonin su ne STC da Mobily da Zain, kuma dukkansu suna da rumfuna a filayen jiragen Jidda da Madina da kuma kewayen Harami biyu, suna da tsare-tsare na baƙi masu ƙayyadaddun kwanaki. Doka a can ita ce a yi wa layi rajista da fasfo da zanen yatsan mai shi. Saboda bin layin yana da gajiya, musamman bayan doguwar tafiya, za ka ga wasu suna zagayawa masaukai da layukan da aka riga aka yi wa rajista suna cewa sai dai ka sa ka kira. Ina roƙon 'yan uwana su guji wannan. Layin da ke ɗauke da sunan wani ana iya rufe shi kowane lokaci da kuɗinka a ciki, ba ka da bakin zuwa ofis ka yi ƙorafi, kuma ba ka san abin da aka aikata da shi kafin ya zo hannunka ba. Haka nan kada mutum ya ba da fasfo ɗinsa da yatsansa a yi rajistar layin da ba shi zai riƙe ba. Idan an tsaya gaban mai sayarwa, a tambaye shi kwana nawa tsarin zai yi, data nawa ke ciki, minti nawa na kiran cikin ƙasa, kuma ko akwai mintocin kiran Nijeriya ko Nijar, domin alhajin da zai yi kusan kwana arba'in bai kamata ya sayi tsarin mako biyu ya ƙare masa ana shirin fita Mina ba.

Wani zai ce tunda ibada aka je yi, mene ne na damuwa da babbar waya? Amsa ita ce aikin Hajji na yau ya riga ya shiga cikin waya. Izinin ziyartar Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta manhajar Nusuk ake neman sa, kuma taswirar da za ta mayar da mutum tantinsa idan ya ɓace tana cikin babbar waya. Duk wanda ya taɓa dawowa daga jifa ya san yadda tantunan Mina suke, farare iri ɗaya iya ganin ido, ga gajiya, ga rana. A daren farko na kwanakin jifa na tsinci wani dattijo ɗan ƙasarmu zaune a gefen hanya, yunifom ɗinsa ya jiƙe da gumi, takalminsa ɗaya ya tsinke, yana riƙe da waya a hannu amma ta mutu tun azahar, lambar ɗansa kuma tana cikinta. Sai da na jona ta a fawabank ɗina muka jira ta farfaɗo, sannan muka kira aka zo aka tafi da shi. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutane fiye da 1,300 ne suka rasu. A irin wannan yanayi, awa biyu da tsoho zai yi yana bulayi a rana ba ƙaramin haɗari ba ne.

Shi ya sa batir ya fi kyamara muhimmanci a wayar tafiya. A nemi mai ƙarfin 5,000mAh ko kusa da haka, a haɗa da fawabank, domin a Arfa da Muzdalifa da Mina wurin caji kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. A sani cewa dokar jiragen sama ba ta yarda a sa fawabank cikin babbar jakar da ake aunawa ba, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma mai 10,000 ko 20,000mAh yana cikin abin da aka saba yarda da shi. Zafi ma yana kashe waya, don haka kada a bar ta a rana ko a yi ta ɗaukar bidiyo da tsakar rana har ta ɗau zafi ta kashe kanta. Ta wajen soket an yi sa'a, domin Saudiyya tana amfani da mai baki uku irin namu na Nijeriya, amma alhazan Nijar da suka saba da mai baki biyu zagayayye su nemi adafta tun daga gida. Ga tsofaffi kuwa, abin da na ga ya fi aiki shi ne ƙaramar waya a rataye a wuya don kira kawai, babbar kuma tana hannun ɗan rakiya.

'Yan kasuwarmu da ɗalibai da masu zuwa neman magani su ma suna da nasu. A Dubai saƙon WhatsApp na rubutu da na murya suna tafiya, amma kiran kai tsaye a toshe yake, shi ya sa mazauna can suke amfani da manhajoji irin su Botim. A Sin kuwa WhatsApp da Facebook da Google duk ba sa aiki a kan layin ƙasar, harka da WeChat ake yin ta, don haka mai zuwa Guwanzu sarin kaya ya sauke ta ya buɗe asusu tun yana gida. Turkiyya tana toshe wayar da aka shigo da ita daga waje idan ta yi kwana 120 da layin ƙasar ba a yi mata rajista an biya haraji ba, Masar ma ta fara irin wannan tsari a watan Janairu na 2025 da wa'adin kwana 90, abin da ya shafi ɗalibanmu da masu doguwar jinya a Alƙahira. Da lambar IMEI ake gane kowace waya, kuma idan mutum ya danna *#06# za ta fito masa, yana da kyau ya rubuta ta ya ajiye saboda ɓata ko sata. Mai dogon zama a waje kuma ya riƙa ɗan amfani da layinsa na gida lokaci zuwa lokaci, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana rufe shi, daga baya a sayar wa wani da lambar, alhali asusun banki yana jingine da ita.

Ko masu tafiyar kusa ba su tsira ba. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ya san yadda waya take tsallakawa kan sabis ɗin ƙetare tun mutum bai bar ƙasarsa ba, kuɗi ya yi ta zurarewa. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar sauƙaƙa kuɗin kira tsakanin ƙasashenta tun 2017, amma aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Don haka ga fataken wannan hanya, waya mai layi biyu, ɗaya na Nijeriya ɗaya na Nijar, ita ce har yanzu mafita.

Malam Edita, kirana na ƙarshe ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo ne. Ina roƙon a ware zama ɗaya cikin zaman bita, a ce kowane maniyyaci ya zo da wayar da zai tafi da ita, a samo matasa masu gyaran waya su zauna a teburi su gwada ta da layuka biyu, su kashe data a kan layin gida, su sauke Nusuk ga masu babbar waya, su gyara lambobin da ke ciki a cire sifirin farko a sa +234 a lambobin Nijeriya, a sa +227 a na Nijar, yadda za su shiga daga waje. A buga wa kowa ɗan kati da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da lambar jami'in da ke kula da rukuninsa, da 911 na gaggawa a yankin Makka, da 997 na motar asibiti, a bar gurbin da zai rubuta lambarsa ta Saudiyya da lambobin mutum uku na gida da alƙalami. Su kuma 'ya'ya masu yi wa iyaye tsarabar sabuwar waya, su kawo ta aƙalla wata guda kafin tashi, su zauna su kwashe lambobin tsohuwar zuwa cikinta, su bar mahaifiyarsu ta yi ta kira da amsawa da ita har hannunta ya saba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Daga Fagge, Kano.